Fim muka zo kallo, in talla ce a faɗa mana

Duk mai bin finafinan Hausa masu dogon zango ya san abin nan. Ana tsakiyar rigima, uwar miji ta ɗaga murya, amarya na kuka, kai kuma ka matso da waya kusa da ido kana jira ka ga yadda za ta kaya, sai kawai ƙawar amarya ta zuge jaka ta zaro wata kwalba, ta juya sunan wajen kyamara, ta shiga bayanin inda ake saidawa har da lambar waya. Minti uku, minti huɗu, labari na tsaye cak. A fadojin samari nan Damagaram, daga Birni har Zango da Sabon Gari, da an zo wurin sai ka ji wani ya ce "kai tura gaba mana", don megar da ya saya da guminsa ce ke ƙonewa a kan abin da bai nema ba.

Ni ba na cikin masu cewa a hana talla a fim kwata-kwata, kuma gaskiya mu masu kallo muna da hannu a lamarin. Kasuwar kaset da faifan CD ta mutu tuntuni. Yawancinmu wajen masu turi muke zuwa, a bakin Kasuwar Dole ko a unguwa, mu ba da 'yan daloli a cika mana katin waya da finafinai, wanda ya kashe kuɗinsa ya biya 'yan wasa da mai kyamara da hayar gida ko dala ɗaya ba ta kai masa. YouTube ɗin ma abin da yake biya kan mai kallo daga ƙasashenmu bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ko Faransa ba. To furodusa da me zai ci gaba? Dole ya nemi mai shagon atamfa ko mai saida filaye ya ɗauki nauyi, wannan kam na fahimta.

Su kansu manyan masu fim na duniya da tallan suke tafiya. A 1982 fim ɗin E.T., labarin wani yaro da wata baƙuwar halitta daga sararin samaniya, ya fito da alewar Reese's Pieces ta kamfanin Hershey bayan kamfanin Mars ya ƙi yarda a sa tasa, cinikin alewar ya tashi sosai. James Bond tun 1964 yake hawa motar Aston Martin, a 1995 aka ba shi BMW, a 2012 kuma da aka gan shi da kwalbar giyar Heineken masoyansa sun yi ta ƙorafi, wato su ma can ba komai suke haɗiyewa ba. Amma a duba yadda aka yi da alewar nan, yaron ne ke jera ta a ƙasa don ya jawo baƙuwar halittar ta biyo shi gida, aiki take yi a cikin labarin, in ka cire ta sai ka nemo wani abu ka sa a gurbinta. Babu inda yaron ya tsaya ya kalli kyamara ya faɗi farashi. A namu kuwa ka yanke minti huɗun nan gaba ɗaya babu abin da labarin zai rasa, hasali ma daɗi zai ƙara.

Mai kallo ba wani abu mai yawa yake nema ba. Ya wuni a rana, kan kabu-kabu ko a kasuwa ko a bakin tela, dare ya yi an ɗora shayi, yana so a ba shi labarin da zai mantar da shi gajiya, ya yi dariya, ya ji tausayi. Don ya samu haka dole ya saki jiki ya yarda da mutanen da ke cikin fim ɗin, kuma wannan yardar ce mai talla ke saye. Shi ya sa ya fi son kayansa su fito daga bakin jarumar da mata ke ƙauna ko dattijon da ya saba fitowa a malami, maimakon a ware masa minti ɗaya a farkon shiri inda kowa ya san talla ce.

In atamfa ce ko shinkafa, iyakacin ɓarnar a ɓata maka lokaci. Inda abin ke tayar min da hankali wallahi shi ne magani. Maganin basir, maganin sanyi, na ciwon suga da hawan jini, na ƙarin ƙiba, man bilicin, kayan mata, duk sun shigo cikin labari, a nuna mutum kwance rai a hannun Allah, likita ya gaza, a kawo wata jarka ya sha, a fitowa ta gaba ga shi yana tafiya garau. Matashin da ya yi lakwal zai gane kasuwanci ne. Amma inna da ke kallo a wayar jikanta fa? Ita ta ga mutumin kirki da ta sani ya sha ya warke, kuma ba abin mamaki ba ne ta ajiye ƙwayoyin da aka rubuta mata a likita ta aika a sayo mata jarkar. Kano kuwa ba nisa, wajen kilomita 240 ne, abin da aka tallata yau kafin sati ya zagayo ya biyo ta Dan Barto ko ta Magarya ya iso.

Ƙasashen da suka riga mu shan wannan wahalar ba su bar abin kara zube ba. Kamfanonin taba sun daɗe suna biyan kuɗi a ga sunansu a fim, har a Superman II na 1980 da yara ke kallo an cika shi da tambarin Marlboro, sai a 1998 jihohi 46 na Amurka suka ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin taba wadda ta hana biyan irin wannan kuɗin. Faransa tun 2010 take sa alamar harafin P a kan allo in akwai kayan da aka biya kuɗi aka sa a shirin tele, Ingila ta bi sahu a 2011, kuma a shirye-shiryen da aka yi a Ingilar ba a yarda a cusa magani ko giya ko caca ba, shirin yara da labarai kuma ba a taɓa su sam. Indiya da muke kallon finafinanta dare da rana, in jarumi ya kunna sigari sai gargaɗi ya fito a ƙasan allo.

Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, to amma duk hukuncin da ta yanke iyakarsa jihar Kano, abin da ya riga ya hau intanet ko ya shiga katin waya yana nan yana yawo a wayoyinmu. Shi ya sa maganata ta fi karkata ga namu na gida, matasan Damagaram da Maraɗi da Yamai da ke ta fito da nasu shirye-shiryen da barkwanci a Facebook da TikTok, yanzu ne 'yan kasuwa suka fara neman su, kuma yanzu ne ya kamata su sa wa kansu ƙa'ida tun abin bai zama jiki ba. Mai shago ya biya ka? Madalla, ɗauki fitowa ɗaya a cikin shagon nasa, a ga allon sunansa, 'yan wasa su ci gaba da rigimarsu, ka rubuta a ƙasan allo da Hausa cewa wannan talla ce, ka kuma faɗa da baki a farkon shiri saboda waɗanda ba su karatun boko. Mai magani kuwa in ya zo da kuɗinsa ka ba shi haƙuri ko nawa ne, ka ce ya kai tallarsa inda za a tambaye shi takardar izinin ma'aikatar lafiya.

Mu ma in shiri ya burge mu, mu daure mu kalle shi a tashar mai shi ko da sau ɗaya a sati, mu bar tallar farko ta wuce ba tare da mun tsallake ba, don ta nan ne ɗan abin da zai samu ke shigowa.