Mun Kashe Dodo a Littafi, Bargo Ya Kayar da Mu da Asuba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan nasiha kaina na fara yi wa, don ni abin ya faru da shi.

Makon jiya wani abokina ya turo min littafin yaƙi ta WhatsApp, irin waɗanda muke haya muna yara, mu ɓoye a tsakiyar littafin lissafi malam na koyarwa. Na ce bari in leƙa shafi biyu kafin barci. Kun san yadda suke. Yaro ne maraya, matsoraci, ko kare ya yi haushi sai ya ruga. Sai ya faɗa wani kogo, ya gamu da tsoho mai farin gemu, aka miƙa masa takobi da zobe. Kafin ka ce kwabo ya zama sadauki, yana ƙetare tekun wuta, aljanu na jin sunansa suna karkarwa. Ban ajiye waya ba sai uku saura, bayan ya sare kan dodo na bakwai. Ladan ya yi kiran farko, ya yi na biyu, ban ji ko ɗaya ba. Da na buɗe ido rana ta riga ta shigo ta taga.

Ina alwala a tsakar gida, raina a jagule, sai ga ƙanena ya dawo min da babur ɗina da ya ara, madubi ɗaya a fashe. Bai gama sallama ba na rufe shi da faɗa, a gaban matata da yara. Har na ce masa tunda yake bai taɓa tsinana wa kowa komai ba. Bai tanka ba. Ya ajiye makulli a kan tabarma, ya fita.

Ni ne fa wanda jiya da dare ƙirjina ke bugawa tare da jarumi. Bargo ya kayar da ni, fasasshen madubi ya sake kayar da ni, duk kafin karin kumallo.

Ba zagin littattafan na zo yi ba. Da su da yawanmu muka iya karatun Hausa. Wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ba zai manta gurgun da ya miƙe ya hau Kwalele ba, har sunan dokin ya shiga bakin mutane. Abin da ke jan mu gare su ma abu ne mai kyau: kowa a cikinmu na son ya wayi gari ba shi ne na jiya ba. Sai dai a wuri biyu labarin ke yi mana wayo. Yana nuna mana canji na zuwa daga waje, a dare ɗaya, wani ne zai miƙo maka. Kuma yana ajiye abokin gaba can nesa, da ƙaho da jajayen idanu, yadda ba za ka taɓa zargin kanka ba.

Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana inda filin dagar yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ƙaƙƙarfa ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, ƙaƙƙarfa shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Tun ina Islamiyya na haddace wannan hadisi. Ranar da madubi ya fashe ko harafi ɗaya bai zo min ba.

In labarin wanda ya canza kuke so, ga Fulailu ɗan Iyal. Ɗan fashi ne a Khurasan, yana tare hanya tsakanin Abiwarda da Sarakhsa. Wani dare yana haura katanga zuwa wajen wata yarinya da yake so, sai ya ji mai karatu ya iso aya ta 16 a Suratul Hadid, inda Allah ke tambaya: shin lokaci bai yi ba ga waɗanda suka yi imani da zukatansu za su rusuna ga ambaton Allah? Ya ce, "Ƙwarai ya Ubangiji, lokaci ya yi." Ya sauko, ya nufi wani kango don ya kwana, ya tarar da matafiya a ciki suna shawara. Wasu na cewa a tashi, wasu na cewa a bari gari ya waye, don Fulailu na kan hanya. Nan ne abin ya fi taɓa ni. Mutum ya tsaya a duhu yana jin yadda sunansa ke fitowa daga bakin Musulmi 'yan uwansa, cikin tsoro. Ya ga kansa yadda yake. Mu kuwa mu nawa ne za mu jure jin abin da matanmu, da yaran shagonmu, da ƙannenmu ke faɗa game da mu in mun ba da baya?

Da a littafin yaƙi ne, nan za a rufe babi. Amma daren katanga dare ɗaya ne tak. Abin da ya mai da shi Fulailun da malamai ke ambato shi ne shekarun da suka biyo baya: neman ilimi, zaman Makka, ibada, gudun abin hannun sarakuna, har Halifa Haruna Rashid ya zauna gabansa ya ji wa'azi ya yi kuka. A kan haka ya rasu a Makka, shekara ta 187 bayan Hijira. Wannan doguwar tsakiyar ita ce marubuci ke tsallakewa da "bayan shekara goma", don ba ta da daɗin karatu.

Masu son takobi kuma, ga Khalid ɗan Walid (RA). A Uhudu, shekara ta 3, shi ya zagayo da dawakai ta bayan Musulmi. A shekara ta 8 ya musulunta, kuma da bakinsa ya ce takubba tara ne suka karye a hannunsa ranar Mu'uta. Kowa ya san wannan. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne ranar da Sayyidina Umar (RA) ya sauke shi daga shugabancin runduna a Sham, ya ɗora Abu Ubaida. Mutumin da dakaru ke ƙauna, takobi na hannunsa, ya ce ya ji ya bi, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin wani. Mu a cire mutum daga admin na group ma sai an kwana ana sulhu.

Imam Nawawi ya kawo sharuɗɗan tuba uku: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. In kuma da haƙƙin wani a ciki, akwai na huɗu, ka mayar masa ko ka nemi ya yafe. Ukun farko tsakaninka da Allah ne, ba wanda ya gani. Na huɗun sai ka taka da ƙafarka, ka buɗe baki.

Kwana huɗu ina kewaye-kewaye. Shaiɗan na raɗa min, ai kai ne babba, ai shi ya fasa madubin, saya masa kati kawai zai gane. Ranar Juma'a bayan an sauko na wuce shagon da yake koyon ɗinki. Yana kan keke, ya ɗago ya gan ni, ya miƙe da sauri ya ce, "Yaya, lafiya? Wallahi ina nan ina haɗa kuɗin madubin."

Harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ubangidansa da wasu yara biyu duk sun zuba min ido. A gaban mutane na ci masa fuska, don haka ban ja shi gefe ba. Na ce, "Bar maganar madubi. Maganar da na faɗa maka ranar nan ba gaskiya ba ce, kuma ban kyauta ba. Ka yafe min don Allah."

Ya sunkuyar da kai yana murza tsinken allura. Can ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce." Ya jawo min benci, ya aiki yaro ya sayo min ruwan sanyi.