Ga shi nan zaune, ku tambaye shi

Shekara tara ke nan ina raka yayana ganin likita. Larurarsa ta ƙwaƙwalwa ce, irin wadda take cilla mutum sama sannan ta dawo ta maka shi da ƙasa. Sai ya yi makonni ba barci, magana kamar an kunna rediyo, daga nan kuma a shiga watannin da ko tashi daga gado sai an yi da gaske. Alhamdu lillahi magani ya karɓe shi, yana aikinsa, yana riƙe da iyalinsa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma yau zan amayar da shi.

A shekarun farko, duk sanda muka shiga, likita zai buɗe fayil, ya ɗago kai, sai ya dube NI: "Hajiya, yana samun barci? Yana shan maganin? Ba ya faɗa da mutane?" Yaya na zaune a gefena, gwiwarsa na taɓa tawa, mutum mai furfura, uban 'ya'ya huɗu. Ni ma sai in yi ta zuba amsa, ina ganin taimako nake yi. Wata rana da muka fito ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ƙanwata, ke ce kike haɗiyar ƙwayar nan ko ni?" Na rasa bakin magana. Ashe wata da watanni yana son ya faɗa musu cewa maganin yana sa hannunsa rawa, har yana jin kunyar sa hannu a takarda gaban abokan aiki, kuma saboda haka ya fara tsallake na safe a ɓoye. Ni da nake amsawa a madadinsa ban san wannan ba. Da aka canja mana likita, wadda ta juyo da kujerarta ta ce, "Malam, kai ya kake jin jikinka?", cikin minti goma aka gyara awon maganin.

Abin da ya faru a wannan ƙaramin ɗaki shi ne yake faruwa a manyan zauruka inda ake rubuta doka, ake yanka kasafi, ake tsara yadda asibiti zai yi aiki. Likitoci na nan, lauyoyi na nan, jami'an ma'aikata da masu ba da tallafi na nan. Wanda aka taɓa ɗaurewa a gado, wanda ya san yadda dare yake a ɗakin da aka kulle ta waje, shi ne kawai ba a aika wa takardar gayyata ba. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba mutane kaɗan ake magana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin takwas. Gwamnatoci kuwa kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya suke ware wa wannan fanni, kuma rahoton hukumar na 2022 ya nuna kusan biyu bisa uku na wannan ɗan abin manyan asibitocin masu taɓin hankali ne ke lashe shi. Ni dai ban taɓa jin majinyacin da ya ce babban burinsa a ƙara tsawon katanga ba. Abin da suke nema magani kusa da gida, aikin yi, wurin kwana, da likitan da zai duba hawan jininsu da sukarinsu kamar na kowa, tunda masu larura mai tsanani kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, yawanci ma da cututtukan jiki da za a iya kiyayewa.

Misalin da ya fi kama ni daga Ingila ya fito. A 2003 wata mai bincike, Diana Rose, wadda ita kanta ta yi jinyar ƙwaƙwalwa, ta jagoranci tawaga a Landan suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan maganin nan na jona wa kai lantarki. Kafin nan takardar bayanin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar tana cewa fiye da takwas cikin goma na waɗanda aka yi wa sun gamsu. Da suka duba da kyau sai suka ga gamsuwar ta fi yawa a binciken da likitoci suka yi da kansu, jim kaɗan bayan an gama aikin, a cikin asibiti, da 'yan tambayoyi gajeru. Inda majinyata ne suka tambayi 'yan uwansu majinyata, sai adadin ya faɗi. Sannan aƙalla ɗaya cikin uku sun ce mantuwa ta zauna musu. Ku lura, ba wanda ya yi ƙarya. Kawai dai idan mai riƙe da takardar sallamarka ne ya tambaye ka ko ka ji daɗin aikinsa, ka san amsar da za ka bayar. Ba na faɗin wannan don in kushe maganin, akwai waɗanda ya ceci rayuwarsu. Ina nuna cewa akwai sanin da ba ya fitowa sai an canja mai tambayar.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: "To, wanda hankalinsa ya gushe, ta ina zai ba da shawara?" Wannan magana ta mutanen da suka san larurar daga nesa ce. Ciwon yana zuwa, yana tafiya. Yayana a cikin shekara tara bai fi wata shida ba ya kasa yanke wa kansa hukunci, ragowar lokacin ya fi ni natsuwa. Indiya ta gane haka a dokarta ta 2017: mutum na iya rubutawa tun yana cikin lafiyarsa yadda yake so a yi masa jinya da yadda ba ya so idan ciwon ya tashi, ya kuma zaɓi wanda zai tsaya masa. Dokar ta kuma tanadi kujeru a hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ga waɗanda suke da larurar ko suka taɓa yin ta. Ko an aiwatar yadda ya kamata wannan wani zance ne, amma dai an rubuta.

Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka amince da ita a Disamban 2006, ta wajabta wa ƙasashe a sashe na 4 su tuntuɓi mutanen nan ta hannun ƙungiyoyinsu, su kuma sa su cikin aikin tsara dokoki da manufofin da suka shafe su. Tsofaffin majinyatan ƙwaƙwalwa na cikin waɗanda suka zauna aka rubuta ta. Tun ma kafin nan, a 1845, John Perceval, ɗan wani firaministan Birtaniya, wanda aka taɓa tsarewa a gidan masu taɓin hankali, ya haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar kare waɗanda aka kulle da sunan hauka. A Amurka ma Clifford Beers, wanda ya sha duka da ɗauri a asibiti, shi ya assasa kwamitin gyara yadda ake kula da masu taɓin hankali a 1909. Duk da haka a 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta samu shaidar ana ɗaure masu wannan larura da mari da sarƙa a ƙasashe 60.

Sai dai abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne sabon salon da aka koya. An daina hana su shiga, sai a gayyace su a matsayin 'yan amshin shata. Na taɓa halartar wani taro da aka kira wata baiwar Allah ta ba da labarinta. Minti biyar aka ba ta. Ta yi magana muryarta na rawa, mutane suka share hawaye, aka tafa, aka ɗauki hoto, wani ya raka ta waje. Bayan fitarta ne aka raba takardar manufofin, wadda an riga an buga ta har da bango. Da ana son ra'ayinta, da an ba ta daftarin tun yana ɗanye, cikin harshen da take ji, an biya ta ladan lokacinta kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, an zaunar da ita inda ake maganar kuɗi, da ƙuri'a a hannunta. Kuma ba ita kaɗai ba, don mutum ɗaya a tsakiyar farfesoshi goma sha biyu shiru zai yi, sannan mai ciwon damuwa ba zai iya faɗin abin da mai jin muryoyin da ba kowa ke jin su ba yake ji ba.

Mu dangi ma mu ji tsoron Allah. Muna wahala, gaskiya ne, kuma muna da namu abin faɗa. Amma muryarmu ba tasu ba ce. Sau da yawa abin da muke so shi ne mutum ya yi shiru ya yi barci mu huta, shi kuwa so yake ya farka da wuri ya tafi aiki. Idan kwamiti ya sa ni a kujera ya ce ya wakilci majinyata, ya yaudari kansa.

Yanzu idan ranar ganin likita ta zo, nakan kai Yaya har bakin ƙofa in nemi benci in zauna. Yana shiga da wata 'yar takarda a aljihu wadda yake rubuta tambayoyinsa a kai. Watan jiya ya fito yana dariya, wai ya shaida musu layin karɓar magani na masu irin larurarsa da aka keɓe a gaban kowa, da allo a samansa, shi ke sa wasu ba sa dawowa. Likitar ta ce shekara shida tana wucewa ta gaban allon nan ba ta taɓa lura ba.