Yadda Java ta kwance min zani a kasuwa

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Aikin fa ba wani aiki ba ne, a yaren rubuta manhajar kwamfuta na Java, jerin lambobi biyu ne, a da b, kowanne 3, 7, 12, 40, a duba ko iri ɗaya ne. Ni da na saba da Python, wani yaren manhajar daban, na ce ai wannan ko ina gyangyaɗi, na jona laftof ɗina da furojekta gaban kowa a wurin aiki na rubuta a == b, wato ina tambayar kwamfutar ko a daidai yake da b.

false.

Wato wai ba daidai suke ba. Na sake dannawa, false. Na koma a.equals(b), nan ma false. Jama'a sai ga ni na miƙe na je jikin bango ina bin lambobin da ɗan yatsa ina karantawa da ƙarfi kamar ɗan firamare, uku uku, bakwai bakwai, sha biyu sha biyu, arba'in arba'in, to ina bambancin?? Har da cewa ƙila kwamfutar ce ke buƙatar a kashe a kunna. Ni ɗin nan da bakina na faɗi haka.

Zuciya ta ɗebe ni na ce bari in bi su ɗaya bayan ɗaya da luf, wato umarnin da ke ta maimaita kansa, garin sauri na sa i <= a.length, na manta daga 0 ake fara ƙirga, gida na ƙarshe 3 ne ba 4 ba. Sai jan rubutu ya cika bango, ArrayIndexOutOfBoundsException, wai na wuce ƙarshen jerin, kowane harafi kamar kaina.

Yarinyar nan da ta zo koyon aiki, wadda ni na nuna mata inda ake kunna firinta, ita ce ta ce a hankali, "Yaya, == ɗin yana duba ko abu ɗaya ne a memori, ba abin da ke ciki ba, sa Arrays.equals(a, b)." Na sa. true.

Ita ban ji haushinta ba, ta ma rage murya. Amma wani mutuminku mai gilashi a wurin aikinmu, wanda tun ina ƙirga a bango yake danne dariya yana girgiza kafaɗa, wai shi ma ya gani tun farko. Ka gani shi ne ka yi shiru? Mutumin da cajata ke hannunsa wata biyu, kullum gobe gobe. Yau da safe ya wuce ta bayana yana cewa "bakwai bakwai" ƙasa-ƙasa.

Cajar ma na fasa tambaya, ya riƙe.