Ranar da Ctrl+Shift+T ya ƙi amsa min

Duk mai rufe tab bisa kuskure ya san maɓallan nan uku, Ctrl da Shift da T, ka haɗa su ka danna shafin da ka rufe ya dawo, ka sake dannawa na bayansa ma ya biyo. Manhajojin shiga intanet, wato burauza, irin su Chrome da Edge da Firefox duk suna jin wannan kiran, masu Mac kuma Command suke dannawa a madadin Ctrl. Saboda su ne ni ban taɓa wahalar da kaina da bukmak ba, wato adana adireshin shafi don gaba. Tabs ɗina sun cika layin sama har sunayensu sun ɓace sai 'yan tambari ƙanana, amma na san mazaunin kowa, ga na aiki, ga fom ɗin da na cika rabi, ga waɗanda zan karanta anjima, anjimar da har yau ba ta zo ba.

To rannan da safe na ɗaga laftof na tarar ta yi afdet cikin dare ta sake tashi da kanta. Na buɗe burauza, tab ɗaya tilo, fari fat. Wallahi ko gezau ban yi ba, don na san ko windo ɗin gaba ɗaya aka rufe, dannawa ɗaya kan dawo da shi da duk kayan cikinsa. Na danna. Shiru. Na ƙara da ƙarfi, tunda mu a ganinmu kwamfuta ta fi jin magana in an danna mata da ƙarfi. Shiru. Na koma Shift na hannun dama, na hure kibod, na danna T shi kaɗai ya jero min tttttt, wato shi dai lafiyarsa ƙalau. Na danna maus ta dama a kan layin tabs, wurin da ke cewa a sake buɗe wanda aka rufe ya yi toka-toka ba ya dannuwa. Sai na ce to histiri ai ba ya ƙarya, na buga Ctrl+H, na tarar da shi kamar tsakar gidan da aka share aka yayyafa wa ruwa. Nan fa zufa ta fara.

Na shiga intanet neman magani. Na farko ya ce ka duba ko kana cikin Incognito, don can burauza ba ta ajiye tarihi, abin da ka rufe ya tafi kenan. Na duba, ba na ciki. Na biyu ya ce rufe burauzar ka sake buɗewa, na yi, na kuma yi don ƙarin lada. Na uku ya ce wataƙila wani ekstenshan ne, irin 'yan ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza, ya ƙwace maɓallan, na shiga chrome://extensions/shortcuts ban ga kowa da T ba amma duk da haka na kashe su kaf har da mai tare talla, aikuwa tallace-tallace suka yi min caa, wani na maganin sanƙo ya bi ni shafi-shafi, ni ko da gashina.

Sai na faɗa wurin wani da alama ya san abin da yake faɗa. Ya ce burauza tana rubuta tabs ɗinka ne a wata folda mai suna Sessions, can cikin AppData da Windows ke ɓoyewa, ka bi ta Local, Google, Chrome, User Data, Default, za ka ga fayiloli masu farawa da Session_ da Tabs_ da doguwar lamba a gabansu. Na bi shi tiryan-tiryan ina jin kaina injiniya. Sai can ƙasan bayanin, layin ƙarshe, bawan Allah ya rubuta wai kafin komai ka kwafe foldar ka ajiye, kada ka yi ta rufe burauza kana buɗewa don sababbin fayiloli suna maye gurbin tsofaffin. Malam, wannan ai a sama ake rubuta shi da jan biro! Na duba kwanan watan fayilolin, duk na yau ne.

Na tuna wayata tana haɗe da akawun ɗaya, kuma takan nuna tabs da ke buɗe a laftof. Na ɗauko ta hannu na rawa. Ta nuna min kuwa, tsaf: yadda ake dawo da tab, tab ya ƙi dawowa, me ya sa Ctrl+Shift+T ba ya aiki, da tallar maganin sanƙo.

Dole na kira ƙanina, wanda ya ari laftof ɗin kwanakin baya ya yi asamen. Ina gama bayani ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ba ka ga ta ƙara gudu ba kwanan nan?" Na ce kai, me ka yi mata? Ya ce ai gyara ya yi min, ya ga ta yi nauyi ne ya sa mata wata manhajar shara, kuma da yake shi ba ya son aiki rabi da rabi duk akwatin da ya gani ya sa masa tik, histiri, kukis, seshan mai riƙe jerin tabs da ke buɗe, har da wanda ke cewa da zarar an rufe burauza a share. Ni kuwa ba na rufe burauza, murfin laftof kawai nake kifewa, ashe manhajar tana laɓe tana jira, afdet ya rufe mata ita kuma ta yi aikinta da gaskiya da riƙon amana.

Ya zo da yamma, ya karɓi laftof ya juya ta gefensa yana cewa in ɗan matsa, aikin na buƙatar natsuwa. Ya yi ta taf-taf-taf yana gyaɗa kai. Ya cire tik ɗin seshan da na histiri a manhajarsa, ya shiga saitin burauza wurin farawa ya zaɓi ta riƙa ci gaba daga inda aka tsaya, ya kunna min ekstenshan ɗina. Tsofaffin tabs kuma muka tsinto wasu daga histirin waya, amma Chrome kwana 90 yake riƙe tarihi, don haka 'yan anjima da suka fi haka daɗewa sai dai addu'a. Fom ɗin ya dawo, amma wayam. Ya kuma yi min lacca wai maɓallan abu 25 na ƙarshe kawai suke tunawa, ba rumbun ajiya ba ne, yana magana yana kaɗa yatsa, yaron da na koya wa riƙe maus.

Ya ce in gwada. Na rufe komai da bismillah na buɗe, tabs suka dawo reras. Daɗi ya ɗebe ni na hau danna Ctrl+Shift+T ba ƙaƙƙautawa, ya ce "Yaya ya isa haka, ya isa," ni ko na ci gaba, sai ga shafukan da ya rufe da sauri kafin ya miƙo min laftof suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na farko tambaya ce, yadda ake hana manhajar shara goge tabs. Na biyu bayanin mutumin nan ne mai ajiye gargaɗi a layin ƙarshe. Na ɗago in kalle shi, har ya kai bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu, wai ya tuna ana jiransa.