Kilin da na sayo a Badagishiri

Ni dai tun ina yaro nake jin labarin kakanmu da dokinsa, wai in ya hau ranar salla mata guɗa suke yi tun daga Bilbis har ƙofar gidan sarki. Wannan labarin ya zauna mini a kai har na girma na zama mushen lakkal, wato malamin makaranta, a nan Tahoua, ina da moto lafiya lau wadda ba ta taɓa yi mini laifi ba, amma zuciya ta ce sai doki. Da na kwashi adashi jikka 300 uwargida ta ce a gyara rufin ɗakin da ke zuba kafin damina, na ce mata rufi ai ba gudu zai yi ba. Ta ce, "Malam, shi dokin ka tabbata zai yi gudun?" Na yi dariya. Wallahi yanzu in na tuna dariyar nan haushin kaina nake ji.

Kawuna da ya yi kiwon dawaki tun kafin a haife ni ya ce in jira shi mu tafi tare, na ce ya huta, ai na yi sati 2 ina kallon bidiyon dawaki a YouTube har kuɗin intanet ya fi kuɗin cefane. Na hau mota na bi hanyar Konni sai kasuwar dabbobi ta Badagishiri.

Wanda bai taɓa shiga kasuwar nan ba ba zai gane ba, ƙura, kukan raƙuma, Buzaye da rawani, Fulani da sanda a kafaɗa, kowa na magana ba mai jin wani. Ban yi taku goma ba wani dillali ya hango biro a aljihuna da takalmina mai sheƙi, ya taho yana washe baki, "Mushe sannu da zuwa, doki kake nema ko?" Na ce a raina kai, mutumin nan ya ga jinin mahaya a jikina. Ya wuce da ni gaban wani akawal baƙi wuluk mai ta haniniya yana tonon ƙasa da kofato, ni kuwa na ja baya da dabara kamar ƙura nake gudu, sannan ya kai ni wajen wani kili fari tas, an taje masa geza, an ɗaura masa sirdi da jan ƙyalle, yana tsaye shiru kamar liman na jiran a tada iƙama.

Na zagaya shi sau uku ina gyaɗa kai yadda na ga Turawan bidiyo na yi. Na kai hannu zan buɗe bakinsa, don na tuna an ce a duba haƙora ko da yake ban san abin da ake dubawa a cikinsu ba, sai dillali ya ce, "A'a Mushe, yanzu ya lashi kanwa, kar ya cije ka." Na janye hannu da sauri. Ya ce abu uku zai gaya mini kuma ya rantse a kansu: dokin nan bai taɓa kada kowa ba, ko yaro ya hau shi ba fargaba, sannan ya san mutane. Ya ce 350, na taya 200, ya ce albarka, muka ja muka ja aka sallama a 250, ga la'ada jikka 10, ina miƙa kuɗi sai na ga yaro na kwance sirdi. Ashe sirdi da linzami da likkafa cinikinsu daban ne, jikka 30. Na ba wani saurayi 5 ya kawo mini shi gida, saura jikka 5 a aljihuna daga kuɗin rufin ɗaki.

Saurayin bai iso ba sai washegari bayan la'asar, kuma a ƙasa ya shigo yana jan ragama, ya karɓi ruwa ya sha ya tafi ko sallama bai yi ba.

Kawu ya zo da safe. Bai kalli geza ba bai kalli farin ba, ya kama leɓe ya ɗaga kawai, sai ga haƙora dogaye rawaya sun karkato gaba kamar bakin gatari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, doki yana fara zubar da haƙoran nono ne wajen shekara 2 da rabi, in ya kai 5 bakinsa ya cika, daga nan sai su yi ta cinyewa suna miƙewa gaba. Wannan ya daɗe da wuce 20." Ya sa yatsa a ramin da ke saman idonsa, yatsan ya nutse. Ya shafa gadon baya ya nuna mini tabon tsohon gyambo daidai inda sirdi ya rufe, ya ɗaga ƙafa ya ƙwanƙwasa kofato, ya ce ko sa shi tafiya na yi in ga takunsa? Na ce a'a amma Kawu dubi farinsa. Ya ce, "Irin wannan da duhunsu ake haihuwarsu, suna tsufa suna fari. Furfura ka sayo." Uwargida na bakin murhu, ban ji ta ce komai ba, amma na ga kafaɗarta na rawa.

Na ce to tsoho ma ai yana da ranarsa. Ranar Asabar na sa babbar riga na yi rawani na fita kilisa, niyyata in kai filin kokowa in dawo. Gaskiyar dillali, bai kada ni ba, ta ina zai kada ni tunda mai tura baro da jarkunan ruwa ya wuce mu har ya waiwayo ya ce sannu. Na yi ƙaimi, na yi tsaki, na roƙe shi da girman Allah, ko kunne bai kaɗa ba.

Muna shiga Wadata sai aka buga kalangu a wani lungu. Jama'a! Dokin da na ɗauka ya kusa mutuwa ya ɗaga kai ya miƙe kunnuwa ya kwasa da sassarfa, rawanina ya warware, ƙafata ɗaya ta fita daga likkafa, ina ja yana ja, bai tsaya ba sai tsakiyar wani taron biki gaban manyan alhazai da ke kan kujeru, ya tsaya cak ya sunkuyar da kai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Aka yi tsit ana kallona. Wani dattijo ya leƙa fuskar dokin ya ce, "Af, ba kilin maroƙin nan ba ne da ya rasu bara? Kai ne ka gaje shi? To bismilla, fara." Ashe abin da ake nufi da ya san mutane ke nan.

Na ce ni mushe ne, ba wanda ya ji don kalangu ya tashi, kuma dokin ya ƙi motsi sam, wai ba ya barin wuri sai an ba da wani abu. Wata tsohuwa ta manna mini dala 20 a goshi. Yaran ajina su uku suna gefe suna ɗauka da waya. Sai da na ɗaga ido sosai na ga wanda ke kujerar tsakiya da carbi a hannu surukina ne, baban uwargida, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba tun da na auri 'yarsa. Ya sa hannu a aljihu a natse ya zaro dala 100 ya ba wani yaro ya miƙo mini. Dokin na ganin kuɗi sun shiga hannuna ya juya da kansa ya nufi gida, a takunsa na da.

Yanzu yana nan a turke yana cin harawa da dusa na kusan abin da nake zuba wa moto mai, damina ta sauka mun jera robobi a ɗaki. Jiya wani ya aiko yaro a tambayi uwargida ko Mushe na da lokaci ranar Lahadi, akwai suna a Bilbis, kuma ta ce masa bari ta tambaye ni.