Kyamara ɗaya, babura goma: wanne za ta bi?

Duk lokacin da maganar tsaro ta taso a Bauchi, sai ka ji ana cewa a kafa kyamarori, a sayo jirage marasa matuƙa. Ina goyon bayan haka. Sai dai akwai tambayar da ba na jin ana yi, alhali ita ce za ta nuna ko kuɗin zai yi amfani ko zai salwanta: idan abubuwa goma suna motsi a lokaci guda, ido kuwa ɗaya ne, wanne za a kalla, kuma wa ya yanke hakan?

A ɗauki shataletalen Wunti da la'asar sakaliya, ana tashi daga kasuwa. Kyamara mai juyawa a kan turke tana iya buɗe ido ta ga filin gaba ɗaya, amma a haka ba za ta karanta lambar mota ba. Idan ta zuƙo hoton don ta karanta lambar, ta kau da kai daga sauran ke nan. Babur ɗin da take bi ya shige bayan tirela, can sai babura biyu iri ɗaya suka fito ta ɗaya gefen, ɗaya ya nufi kasuwar Muda Lawal, ɗaya ya yi wata hanyar. Dole ta zaɓa cikin ƙiftawar ido, kuma tana iya zaɓar wanda ba shi ba.

Injiniyoyi sun daɗe suna fama da wannan tun a na'urorin hango jiragen sama. Abin da manhaja ke yi shi ne ta riƙe wa kowane abu mai motsi lissafinsa: inda yake, gudunsa, inda ya dosa, sannan da gwargwadon shakkar da take da ita a kan wannan ƙiyasi. Tushen lissafin yana cikin aikin da masanin lissafi Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda aka yi amfani da shi a tafiyar kumbon Apollo zuwa duniyar wata. Kowace daƙiƙa da ta wuce ba a kalli abu ba, shakkar tana ƙaruwa. Sai manhajar ta auna: in na juya nan, me zan ƙaru da shi, me kuma zai kuɓuce mini a can? Haka makiyayi yake yi da garkensa. Ba ya zuba wa kowace saniya ido daidai da 'yar uwarta, ya san wadda ke yawan ratsewa, ya san wadda ta kusa gonar mutane, su yake yawan waiwaya.

Shi makiyayi ya san shanunsa. Manhaja kuwa sai abin da aka gaya mata. Mutum ne zai rubuta mata cewa wannan ya fi wancan muhimmanci, kuma a nan ne damuwata take. Idan kamfanin da ya haɗa ta a wata ƙasa ya koya mata cewa babur mai ɗauke da mutum uku abin zargi ne, to ranar kasuwar ƙauye za ta wuni tana bin magidanta da iyalansu. Idan aka ce mata duk mai tafiya a gefen daji da sanda a kafaɗa a sa masa ido, an mayar da makiyaya gaba ɗaya abin tuhuma, ba tare da wani ya sa hannu a takarda ba. Yayin da take can tana bin bayin Allah, wanda ake nema ya wuce salin alin. Ga kuma hazon hunturu da ke dusashe hoto, ga ƙananan jiragen nan da batirinsu ba ya wuce kimanin rabin sa'a a sama.

Mun ga yadda sayen ƙarfe kawai yake ƙarewa. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro, ciki har da kyamarorin Abuja da Legas, aka shafe shekaru majalisa tana binciken dalilin da ya sa ba sa aiki.

Shi ya sa nake ganin ya kamata Bauchi ta fara gwajinta a gandun dajin Yankari kafin cikin gari. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba yadda za a yi masu gadi su karaɗe shi da ƙafa. An riga an sanya wa wasu giwayensa abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ƙarƙashin aikin da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta yi da gwamnatin jiha. Ko wannan abin wuyan ma zaɓi ne: in ya riƙa aiko da saƙo a kai a kai, batirinsa zai mutu da wuri. A can, abin da ya fi muhimmanci a fili yake. Garken da ya doshi gonakin Alkaleri da kaka ya fi wanda ke kwance a bakin kogin Gaji buƙatar a tura masa jirgi, kuma hayaƙi a tsakiyar daji ya fi su duka. Masu gadin da suka shekara suna bin sawu su ne ya kamata a zaunar tare da injiniyoyi a tsara wannan jeri na abin da ya fi muhimmanci, a kuma jawo ɗaliban injiniya na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su koyi gyaran manhajar da hannunsu.

Idan an zo cikin gari kuwa, 'yan majalisar jiha su nemi ganin wannan jeri a rubuce kafin su amince da ko kwabo. Su tambayi wanda ke da ikon sauya shi, da tsawon lokacin da za a ajiye hotunan mutane, tunda akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Su kuma tambayi motoci nawa ne ke tsaye da mai a tankinsu, don su fita idan na'urar ta ce ga shi can ya bi hanyar Gombe.