Ku bar wa yaran bariki satinsu guda

Har yanzu maganar ranar Lahadi ba ta sake ni ba. Waɗanda suka tsaya bayan sujada sun ji da kunnensu, ba sai na maimaita komai ba. A ce dattijo mai furfura, uban 'ya'ya, ya miƙe a gaban zumunta ya ce kuɗin da muke haɗawa don tura matasanmu, 'ya'yan sojojin Amurka a nan Jamus, sansanin hutu na Kirista almubazzaranci ne, wai yawon shan iska ne aka lulluɓe da sunan Yesu! Kuma aka samu masu gyaɗa kai. Baba, girman furfurarka ne ya sa na kama bakina a wurin. Amma ba ka faɗi daidai ba, kuma maganarka ta faɗa kunnen yaran da ke baya suna tattara kujeru. 'Yata tana cikinsu.

Yaron soja ba shi da garinsu. Maganar ke nan, kuma ita zan yi ta nanatawa ko da za ku gaji da ni.

A wurinmu, in ka haɗu da baƙo, bayan gaisuwa me kake fara tambaya? Ɗan wane gari ne, ɗan gidan wa. Shekara biyu da suka wuce na kai yarinyar nan biki Kaduna, gwaggonta ta kama hannunta ta ce, "To ke yanzu, 'yar nan, 'yar ina ce?" Sai yarinya ta waiwayo ta zuba mini ido. A Texas aka haife ta, ta fara firamare a Koriya ta Kudu, ta ƙarasa a jihar Jojiya ta Amurka, ga mu yanzu a Jamus. Shekararta 15, makarantarta ta biyar ke nan. Kuma ba ita kaɗai ba ce: ɗan sojan Amurka kan sauya makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama sakandare. Bayan kowace shekara 2 ko 3 takarda za ta sauko, motar kwasar kaya ta tsaya a ƙofar gida, a naɗe gado da kwanuka, a naɗe ƙawaye tare da su. In ba ke ce mai tafiya ba, to aminiyarki ce. Duk bazara barikin nan kamar tasha yake, wasu na sauka wasu na hawa. Yarinya ta koyi kada ta saki jiki da kowa, don ta san wanda ta shaƙu da shi a watan Satumba ba lallai ya kai Yuni ba.

Wannan yarinyar ce kake ƙyashin a ba ta kwana shida a cikin 'yan'uwanta, Baba?

Na ji abin da ake cewa, wai yaran nan a cikin daula suke, ga makaranta kyauta, ga asibiti, ga abinci har ana zubarwa. Haka ne. Sai me? Cikar tumbi ba ta hana yaro kwana da ido biyu. A yankin Kaiserslautern kaɗai Amurkawa sun kai wajen dubu 50, babu wani wuri a wajen Amurka da suka taru da yawa haka. A nan filin jirgin Ramstein yake, a gefensa kuma asibitin Landstuhl, inda aka yi shekaru ana kawo sojojin da suka ji rauni a Iraƙi da Afghanistan. Yaran da suka tashi a wannan yanki sun san abin da babban jirgi mai sauka da tsakar dare kan iya ɗaukowa. Babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu, sun dai sani. A 2022, da Rasha ta afka wa Yukiren, aka kwashi iyayen wasunsu zuwa Poland da Romaniya cikin 'yan kwanaki. Maigidana yana ciki. Wasu iyayen kuma aikinsu Afirka ne, tunda hedikwatar rundunar Amurka mai kula da Afirka a Stuttgart take, kuma har zuwa 2024 akwai sojojinsu a Agadez. Duk ra'ayinka game da zaman sojan Amurka a ƙasar wani, naka ne, ni ma ina da nawa. Amma yaro ɗan shekara 14 bai sa hannu a takardar shiga soja ba. Haihuwarsa aka yi a ciki.

Lokacin da ubanta ya tafi, 'yata ba ta zubar da hawaye ko sau ɗaya a gabana ba. In na tambaye ta sai ta ce, "Lafiya lau, Mama." Tana wanke kwanuka, tana yi wa ƙanenta wanka, har ina yabon hankalinta a gaban mutane. Sai da ta je sansanin nan ta dawo, muna cikin mota, ta ce da ni, "Mama, ashe ba ni kaɗai ba ce." Wai a daren na uku, a ɗakinsu, wata yarinya ta ce tana da kwali guda da ba ta taɓa kwancewa ba tun gidaje uku da suka wuce, don ba ta ga amfanin kwancewa ba. Sai ɗakin ya yi tsit, sannan ɗaya bayan ɗaya kowa ta fara faɗin nata kwalin. A daren ne 'yata ta gaya wa jagorarsu abin da ta ɓoye mini wata da watanni, cewa duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofa gabanta faɗuwa yake yi, kuma ta daina addu'a don tana jin haushin Allah tana tsoron faɗa. Ni uwarta ce, a gida ɗaya muke kwana, ban sani ba. Ta ɓoye mini ne don ta ga kayan da ke kaina sun ishe ni. Haka yaran soja suke, suna tausayin uwa har su cuci kansu.

Wannan ne shan iskar?

Kuma mutanen da ke wannan hidima ba jiya suka fara ba. Club Beyond tun 1980 suke tare da yaran bariki, ƙungiyoyin Young Life da Youth for Christ ne suka haɗa hannu suka kafa aikin, kuma da izinin limaman soja suke shiga bariki. Babu yaron da ake tilasta wa, sai uwa ko uba sun sa hannu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, in yaro ya bar Jamus ya sauka Italiya ko Japan, sau da yawa zai tarar da irin wannan taro a can, da irin waƙoƙin da ya sani. Ga wanda komai nasa ke sauyawa, abu guda da ya san zai tarar a gaba ba ƙaramin abu ba ne. Jagorar 'yata ba a sansani kaɗai ta san ta ba. Tana zuwa kallon wasan ƙwallonta, ta tsaya cikin sanyin nan na Nuwamba, alhali ba 'yarta ba ce ba ƙanwarta ba.

Masu cewa wasa ya fi wa'azi yawa a can, tsalle-tsalle da iyo da hawan dutse, na ji ku. Ku gwada tara matasa 60 ku yi musu wa'azin awa uku ku ga ko mutum nawa za su dawo gobe. Yaron da kuka yi dariya tare da rana shi ne zai buɗe maka cikinsa da dare. Suna karanta Littafi Mai Tsarki kowace safiya da kowane dare, na ga littafin da ta rubuta abin da ta koya da hannunta. Masu cewa gara a aika kuɗin gida a taimaki marayu, wa ya hana ku? A aika! Ni ma ina aikawa duk wata. Amma me ya sa sai maganar yaranmu ta taso ake tuna marayu, ranar da muka yi ankon bikin Kirsimeti babu wanda ya tuna da su?

Ni 'yar bariki ce, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. A Jaji na yi wayo, a Rukuba na yi sakandare. Kun san yadda kalmar bariki take a bakin mutanen gari, da an ce "yaran bariki" an gama yanke mana hukunci. A 1990 aka tafi da mahaifina Laberiya cikin rundunar ECOMOG. Babu waya a lokacin. Da yamma mata su kewaye rediyo ana jiran sashen Hausa na BBC, in motar ofisa ta shigo layinmu ta rage gudu, kowace uwa sai ta daina daka ta tsaya tana kallon ƙofar da za ta tsaya. Ina da shekara 12. Abin da ya riƙe ni a shekarun nan taron hutu ne na FCS, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, kwana kaɗan a ajin makaranta a kan tabarma, ana cin garau-garau, da wata anti da ta zauna ta saurare ni har na gama kuka ba ta katse ni ba. 'Yan'uwanmu Musulmi da ke karanta wannan su ma sun san abin da nake nufi, waɗanda suka je taron hutu na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ba sa manta shi har tsufa. Mun ci moriyar abin a gida, mun zo nan muna ƙyashin 'ya'yanmu su samu.

Yaron soja ba shi da garinsu, Baba. Sati guda a shekara yake samun wurin da babu mai tambayarsa ɗan ina ne, don kowa a wurin amsarsa irin tasa ce. Yara huɗu ne har yanzu kuɗinsu bai cika ba, biyu daga cikinsu iyayensu maza ba sa ƙasar. Ni na ɗauki ɗaya. Wanda zai ɗauki wani ya same ni bayan sujada, kuma muna neman mai babbar mota da zai kai su wurin tashi ranar Asabar da asuba.

Sannan masu dawowa daga gida a watan nan, don Allah ku daina cusa kilishi a akwati. Doka ta hana shigo da nama Tarayyar Turai daga waje, ƙwacewa za a yi a filin jirgi, wani lokacin har da tara. Ku taho mana da kuka da daddawa da yaji. Yarinyar nan ta yi wa 'yan ɗakinsu alkawarin miyar kuka in sun dawo, ga shi tawa ta ƙare tun Ista.